Bayan dashen ɓargo: yaushe jinin yaro ke zama da gindinsa?

"Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce daga Kumo. Ɗana mai shekara 11 yana da sikila, an yi masa dashen ɓargo a Indiya wata 14 da suka wuce, yayarsa mai shekara 17 ce ta ba shi. Alhamdu lillahi tun da muka dawo bai yi ciwon ƙashi ko sau ɗaya ba, ba a kuma ƙara masa jini ba. Amma abu uku sun hana ni barci. Gwajin da ke nuna yawan jinin yayarsa a jikinsa ya sauko daga kashi 98 zuwa 86. Mun yi jinotayif ya fito AS, alhali mun zaci AA zai koma. Sannan wani ya ce mini ɓargon aro ƙarewa yake yi bayan 'yan shekaru. Don Allah yaushe zan ce yaron nan ya warke, kuma sikilar za ta iya dawowa?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya yi wa yayarsa albarka. Idan na fahimce ki, tambayoyin naki uku duk abu ɗaya suke nema: shin ɓargon da aka dasa ya kama har ya zama nasa, ko kuwa baƙo ne da wata rana zai tattara ya tafi? Kafin in amsa, ki san cewa ni likitan jini ne a nan Gombe, ba na yin dashe da hannuna. Aikina shi ne duba waɗanda aka yi wa a wani wuri suka dawo gida. Ban ga yaronki ba, ban ga takardunsa ba, don haka duk inda maganata ta saɓa da ta likitocin da suka yi masa aikin, tasu za ki ɗauka.

Abin da aka dasa masa

Ɓargon nan da muke tsotsa a ƙashin miya, irinsa ne a jikin mutum yake ƙera jini. A babban mutum aikin ya fi yawa a ƙashin ƙugu, da ƙashin baya, da haƙarƙari, da ƙashin ƙirji. A kowace daƙiƙa ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2, ban da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta da kuma ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Duk wannan tulin yana fitowa ne daga wasu 'yan ƙwayoyi kaɗan da muke kira ƙwayoyin tushe. Su ne iri. Wani bincike da aka yi a Kambirij ta Ingila a 2018 ya kimanta cewa babban mutum yana da tsakanin 50,000 zuwa 200,000 da ke aiki. Yawancin lokaci kwance suke, ɗaya takan yi wata da watanni ba ta rabu biyu ba. Idan ta rabu, tana iya barin kwafin kanta a gida, ɗaya kuma ta fita ta haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ke ninkuwa da sauri har su zama jinin da ake gani a kwalbar gwaji.

Abin da aka yi wa ɗanki shi ne, an ba shi magunguna masu ƙarfi da suka share nasa irin suka kuma kwantar da garkuwar jikinsa, sannan aka ɗebo na yayarsa aka ɗura masa ta jijiya kamar ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke bin jini su nemi ramukan ƙashi su zauna. Ita yayar kuwa kada ki damu da ita ta wannan fuskar, abin da aka ɗiba a jikinta yana cikewa cikin 'yan makonni.

Kalmar dashe ta dace da aikin sosai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonakin shinkafar Dadin Kowa ya san yadda dashe ke yi: kwanakin farko ya kwanta ya yi yaushi, sai ka wayi gari ka ga ya miƙe ya yi kore. Manomi dai ya san koren ganye daban, kamun saiwa daban. Haka jini yake. Cikin mako 2 zuwa 4 bayan dashe fararen ƙwayoyi suke fara bayyana, kuma idan wani nau'insu da ake kira nitirofil ya kai 500 kwana uku a jere, sai likitoci su ce dashe ya kama. Ranar murna ce, kin kuma san ta. Sai dai jinin wannan lokaci ba daga ainihin ƙwayoyin tushe yake zuwa ba. Yana zuwa ne daga 'ya'yansu da suka riga suka girma a jikin mai bayarwa aka ɗebo su tare, masu saurin aiki da saurin ƙarewa. Su suke riƙe yaro a watannin farko. Masu bincike da suka bi sawun ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya sun ga cewa sai wajen wata 6 zuwa 12 ainihin irin ke karɓar ragama gaba ɗaya.

Wannan albishir ne gare ki. Yaron da ya kai wata 14 ba a ƙara masa jini ba, jinin da ke yawo a jikinsa yau ba ragowar guzurin da aka ɗura masa ba ne. Daga saiwa yake fitowa.

Shin ɓargon aro yana ƙarewa?

Ba ya ƙarewa, Hajiya. Wanda ya faɗa miki wataƙila ya haɗa shi ne da ƙarin jini, wanda shi kam yana ƙarewa domin ba iri a cikinsa. Tun 1968 aka yi dashe na farko da ya yi nasara tsakanin 'yan'uwan da ba tagwaye ba, a Minesota ta Amurka. A 1984 aka fara ba da rahoton yarinyar da dashe ya raba ta da sikila, ita ma a Amurka, kuma don cutar dajin jini aka yi mata, sai aka ga sikilar ma ta tafi. A Najeriya an yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas kuma ya fara nasa a 2024. Akwai mutane da rai a duniya da suka haura shekara 40 da ɓargon ɗan'uwansu.

A 2024 an fitar da bincike biyu da suka duba wannan tambaya taki kai tsaye. Na farko, masana daga Ingila da Suwizalan sun ɗauki 'yan'uwa bibbiyu har rukuni 10, kowane rukuni mai bayarwa da mai karɓa, shekara 9 zuwa 31 bayan dashe, suka karanta tarihin ƙwayoyin jininsu. Sun gano cewa idan mai bayarwa matashi ne, ƙwayoyin tushe 5,000 zuwa 30,000 ne suke kamawa su ci gaba da aiki shekara da shekaru. Idan ya haura shekara 50, adadin ya yi ƙasa da haka kamar ninki 10. Na biyun daga Siyatil ta Amurka ne, inda aka duba mutum bibbiyu rukuni 16, wasu sun wuce shekara 40 da dashe, aka ga ɓargon da ke jikin mai karɓa bai lalace fiye da wanda ya rage a jikin mai shi ba sai da ɗan bambanci kaɗan.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Ki lura 30,000 bai kai abin da aka kimanta wa mai lafiya ba. Ƙwayoyi kaɗan ne suka ɗauki aikin masu yawa, dole suka yi ta rabuwa da gaggawa a shekarar farko don su cike gurbi. Shi ya sa binciken na farko ya ce ta fuskar yawan zuri'ar ƙwayoyi, jinin mai karɓa yakan yi kama da wanda ya girmi na mai bayarwa da shekara 10 zuwa 15. Wannan ba ya nufin an rage wa yaro shekarun rayuwa. Yana nufin ɓargonsa ya taɓa yin aikin ƙarfi, don haka ya cancanci a riƙa leƙa shi sau ɗaya a shekara har girmansa, ko da lafiyarsa ƙalau. Ki kuma sani yawancin mutanen da aka yi waɗannan bincike a kansu manya ne masu cutar dajin jini a Turai da Amurka, ba yaranmu masu sikila ba. Amma abin da ya fi nauyi a sakamakon yana gefenki: yarinya 'yar shekara goma sha ce ta ba shi, irinta sabo ne.

Daga 98 zuwa 86

A nan zan daɗe, domin a cikin tambayoyinki wannan ce kaɗai ke buƙatar a sa mata ido.

Gwajin da kike nufi, wanda ake kira kaimerizim, yana auna kashi nawa na fararen ƙwayoyin jininsa ne na yayarsa, kashi nawa ne nasa na asali. Saukowa zuwa 86 na nufin wasu daga tsohon irinsa ba su mutu ba, sun farfaɗo suna zaune tare da baƙin. Ga mai cutar dajin jini wannan abin tsoro ne, domin tsohon ɓargon shi ne mai cutar da ke kisa. Ga mai sikila lissafin daban ne, kuma dalilin yana da daɗin ji. Jar ƙwayar jini mai lafiya tana rayuwa kwana 120. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, da yawansu ma tun a cikin ɓargo suke mutuwa kafin su fito. Saboda haka ko da iri biyu na zaune a ƙashi ɗaya, 'ya'yan mai lafiyar ne ke cika jijiya, don su ne ke daɗewa. Likitocin Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka sun nuna a 2017 cewa muddin rabon mai bayarwa a layin ƙwayoyin da ke haifar da jajayen jini bai faɗo ƙasa da kashi 20 ba, alamun sikila ba sa dawowa. Tsakanin 86 da 20 akwai tafiya mai nisa.

To me ya sa na ce a sa ido? Domin lamba ɗaya ba ta ba da labari, sai an jera ta da 'yan'uwanta. Idan 98 ta koma 86, bayan wata biyu aka sake aka ga 85 ko 87, to iri biyun sun yi sulhu, kuma akwai yara da yawa da suka zauna haka shekaru ba ciwo. Wasu likitocin ma suna ganin irin wannan zaman tare yana zuwa da ƙarancin rikici tsakanin dashe da jiki. Idan kuwa aka ga 86, sai 70, sai 55, to garkuwarsa ta asali ce ke farkawa tana korar baƙo, kuma wannan shi ne hanyar da sikila ke bi ta dawo. Yawanci hakan kan faru ne a shekarar farko zuwa ta biyu, musamman a daidai lokacin da ake rage maganin danne garkuwa irin su saikulosiforin ko takrolimus. Ba ki faɗa mini ba ko an fara rage masa ko an tsayar, amma wata 14 lokacin ne, kuma shi ne abu na farko da zan tambaya da kina gabana.

Abu na biyu da zan tambaya: gwajin na jini gaba ɗaya ne, ko an rarrabe nau'in ƙwayoyin? Sau da yawa rabon yayar a layin da ke ƙera jajayen jini yana nan sama da 90, ƙwayoyin garkuwa ne kawai suka gauraya suka jawo jimillar ƙasa. Idan ɗakin gwajin yana iya rarrabewa, ki nemi a rarrabe. Na san wannan gwaji ba a kusa ake yinsa ba, sai an aika jini nesa, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne ga iyalin da suka riga suka sayar da abin da suka sayar don tafiya Indiya. Akwai wani mai rahusa da ke taimakawa tsakanin gwaji da gwaji: auna kashi nawa ne himogulobin S, wato sinadarin jini mai jawo sikila, a jininsa da na'urar da ke ba da lamba, ba mai cewa AS ko SS kawai ba. A auna na yayarsa ma sau ɗaya. Mai AS yawanci S ɗinsa yana tsakanin kashi 35 zuwa 40. Muddin na yaron yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nata, jajayen jininsa nata ne. Idan ya fara haurawa ya doshi 50, a kira cibiyar da ta yi masa dashen a ranar. Sai dai wannan gwajin yana makara wajen nuna matsala, don haka ba ya maye gurbin na farkon.

Idan aka ga lambar na ci gaba da sauka, akwai abin yi. Ana iya dakatar da rage magani ko a mayar da shi yadda yake, a wasu lokuta a ƙara masa ƙwayoyi daga yayar, idan abin ya ƙi kuma a sake dashen. Waɗannan duk hukuncin cibiyar dashe ne, ba na likitan da ke kusa ba. A wani babban nazari da aka buga a 2017 na masu sikila 1,000 da ɗan'uwa mai cikakken dacewa ya ba su ɓargo, kimanin kashi 91 suna raye ba tare da sikila ba bayan shekara 5, kuma yara sun fi manya samun nasara. A ganina 86 a wata 14, ga yaro ba ciwo ba ƙarin jini, ba abin hana barci ba ne. Abin a maimaita gwaji ne cikin wata ɗaya zuwa biyu.

Na taɓa ganin abin da ya fi lamba haɗari. Wani uba, mutumin kirki mai son ɗansa, ya ga yaro ya yi ƙiba yana buga ƙwallo wata 7 bayan dashe, maganin kuma ya ƙare ga tsada, sai ya ce ai an warke. Bai faɗa wa kowa ba. Bayan wata uku suka shigo mini da yaron idonsa ya yi rawaya yana riƙe da gwiwa. Har yau ina tuna yadda uban ya zauna a bakin gado ya cire hularsa ya riƙe a hannu bai ce komai ba. Idan kuɗin magani ya gagara, a faɗa wa likita tun kafin kwalba ta ƙare, a nemi mafita tare.

Me ya sa AS, ba AA ba

Wannan mai sauƙi ne. Jininsa ya koma irin na wadda ta ba shi. Idan yayarsa AS ce, shi ma AS zai nuna, kuma hakan nasara ce cikakkiya. Ana karɓar ɓargon mai AS, yana kuma warkarwa. Ki duba takardar yayar, na tabbata abin da za ki gani ke nan. Rukunin jininsa ma, idan da ya bambanta da nata, zai koma nata a hankali.

Amma ga maganar da nake roƙon ki riƙe da hannu biyu, ki kuma faɗa wa mahaifinsa. Ɓargo aka canja masa, ba a canja abin da zai gadar wa 'ya'yansa ba. A wajen haihuwa ɗanki har yanzu SS ne. Duk ɗan da zai haifa sai ya karɓi S daga gare shi. Nan da shekara 15, in Allah ya kai mu, za a nemi takardar gwaji kafin ɗaurin aure, takardar kuma za ta ce AS, kuma ba ƙarya ta yi ba, jinin ta gani. Idan ya auri mai AS, kowane ciki rabi da rabi ne ya zo da sikila, ba ɗaya cikin huɗu ba kamar yadda za a lissafa masa. Idan ya auri mai AA, duk 'ya'yan AS za su zama, ba mai ciwo. Yaron da aka yi wa dashe yana ƙarami yakan manta, dangi ma su manta. Ki rubuta wannan a bangon fayil ɗinsa, ki kuma gaya masa da bakinki idan ya yi hankali.

Game da haihuwar kanta, wasu magungunan share ɓargo, musamman busulfan, suna iya taɓa ta. Ki nemi sunayen waɗanda aka ba shi da yawansu, a riƙa auna tsayinsa da nauyinsa, a lura da balagarsa a shekaru masu zuwa. Idan ta yi jinkiri akwai gwaji, akwai taimako.

Garkuwa ita ce ta ƙarshe wajen dawowa

Iyaye da yawa suna ganin PCV, wato gwajin yawan jajayen jini, ya yi kyau sai su ɗauka komai ya koma daidai. Jajayen jini da nitirofil suna dawowa da wuri, amma ƙwayoyin da ke tuna cuta su gane ta idan ta sake zuwa sukan ɗauki shekara 1 zuwa 2. Wani nau'insu sai ya bi ta wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, taimos, ya koyi bambance jiki da baƙo, kamar almajiri sabon shiga. A yara wannan makaranta tana aiki da kyau fiye da manya, wannan ma wata sa'ar ce ga ɗanki.

Ma'anar wannan ita ce rigakafin da aka yi masa yana jariri ya goge, sai an sake daga farko. Alluran da ba su da ƙwayar cuta mai rai ana fara su wajen wata 6 bayan dashe, don haka in ba a fara ba an makara, ki tambaya. Na sanƙarau da na namoniya suna da muhimmanci ƙwarai gare shi, domin sikila takan lalata saifa tun yaro na ƙarami, mu kuma nan muna cikin yankin da sanƙarau ke tashi da zafin bazara. Masu rai kuwa, irin na ƙyanda da na zazzaɓin shawara, sai ya cika shekara 2 da dashe, ya daina maganin danne garkuwa, likitocinsa kuma sun amince. Kafin nan, idan ƙyanda ko ƙarambau ta shiga unguwa ko ajinsu, ki sanar da likita a ranar, kada ki jira ƙuraje. Ƙannensa kuma a yi musu rigakafinsu cif, su ne katangarsa. Na shan inna ki nemi a yi musu na allura. Idan an ɗiga musu na baki, a tsananta wanke hannu da tsabtar bayan gida na wajen mako 6, kada shi ya taɓa kashin jariri.

Maleriya ma haka. 'Yar juriyar da yaran nan ke tarawa da shekaru, kada ki dogara da ita a wurinsa. Gidan sauro kowane dare, har da rani. Zafin jiki da ya kai 38 asibiti ne a ranar, a yi gwajin maleriya da ƙidayar jini tare, ba a saya masa magani a kemis a jira gobe ba. A wannan lokacin zan nisanta shi da nonon da ba a dafa ba, da ɗakin tattabaru da kaji, da wurin sussuka ko inda ake rushe tsohon gini, saboda ƙurar tana ɗauke da ƙwayoyin funfuna masu kama huhu. Jiƙo da sassaƙe kuma, ko daga hannun kaka suka fito da kyakkyawar niyya, a dakata da su, domin hanta da ƙoda suna fama da magunguna masu nauyi. Makaranta kuwa, idan likitocinsa sun sallame shi, ya tafi. Kulle yaro a ɗaki shekara biyu shi ma cuta ne.

Akwai wani abu da ya shafi al'adarmu ta asibiti. Idan an ce ana neman jini, kawu da baffa ne ke nannaɗe hannun riga. Ga wanda aka yi wa dashe, jinin dangi na kusa yana da haɗari na musamman, domin fararen ƙwayoyin da ke cikinsa na iya kama jikinsa da yaƙi. Jinin da ya dace da shi sai wanda aka tace aka kuma haska da na'ura ta musamman, har sai cibiyarsa ta ce ya wuce wannan matakin. Ki sa a rubuta wannan a ɗan kati, da rukunin jininsa na da da na yanzu, ya zauna a jakarki.

Idan jini ya sauka

Ba kowace saukar jini ce ke nufin dashe ya ƙi ba. Wata yarinya da nake dubawa fararen ƙwayoyinta suka yi ta raguwa a wata na 10, mahaifiyarta ta zo da kuka ta riga ta yanke ƙauna. Da muka zazzage ledar magungunanta a kan tebur muka bi su ɗaya ɗaya, sai zarginmu ya faɗa kan seftirin da take sha don kariyar huhu. Muka tuntuɓi likitocinta suka canja mata da wani, cikin mako uku lambar ta tashi. Wasu ƙwayoyin cuta kamar CMV da fabobairos suna danne ɓargo na ɗan lokaci, maleriya ma haka. Ƙarfen da ya taru a jiki saboda yawan ƙarin jini a baya shi ma yana takura wa sabon iri, yana kuma cutar da hanta da zuciya. A auna feritin, gwajin da ke nuna yawan ƙarfen da ya taru. Idan ya yi yawa, maganin sau da yawa shi ne a riƙa ɗibar masa jini kaɗan kaɗan, abin da iyayen masu sikila ke jin sa kamar almara bayan shekarun da suka yi suna neman jinin da za a ƙara.

Sai rikicin da sabuwar garkuwa kan yi da jikin da ta tarar, wanda likitoci ke kira GVHD. Nau'insa mai daɗewa yakan ɓullo cikin shekara 2 na farko, sau da yawa bayan an rage magani. A baƙar fata ba ja yake fitowa ba kamar yadda hotunan littafi ke nunawa, sai dai wuri ya yi duhu ko ya yi fari fari, ko fata ta yi tauri. Da hunturu yana da sauƙi a ce iska ce. Bushewar da man shafawa bai gyara ba, bakin da ke zafi idan ya ci yaji alhali da yana ci, idon da ke yi kamar da yashi, tarin da ya ƙi tafiya ko haki wajen hawa mataki, duk a kai shi a gani.

Ki kuma sani dashe yana tsayar da ɓarnar sikila, amma ba ya gyara duk wadda ta riga ta auku. Ƙashin kwatangwalon da ya lalace ko tabon shanyewar ɓarin jiki suna nan, suna buƙatar nasu kulawar. Idan ya yi ƙorafin ƙugu, kada ki ce sikila ta dawo, kada kuma ki share, a ɗauki hoto. A binciken shekara shekara a haɗa da fitsari da ƙoda, da ido, da tayiroid da ke maƙoshi.

To yaushe za ki ce ya warke? Ni a wurina, idan yaro ya cika shekara 2, ya bar maganin danne garkuwa, rabon mai bayarwa ya tsaya wuri ɗaya a gwaji biyu ko uku a jere, ba kuma alamar rikicin dashe, ina faɗa wa iyayensa cewa sikilar jininsa ta tafi, kuma dawowarta bayan nan abu ne mai wuyar gaske. Ɗanki saura wata 10 ya kai nan. A wannan makon ki rubuta wa likitocinsa, ki jera musu lambobin biyu da ranakunsu, ki faɗi maganin da yake sha da yawansa da ranar da aka fara ragewa, ki tambaye su yaushe za a maimaita gwajin kuma ko za a rarrabe ƙwayoyin. Ki zo da amsarsu da dukkan takardun Indiya wurin likitan jini a nan Gombe ko Bauchi, wanda zai riƙe fayil ɗin ya riƙa magana da su kai tsaye. Allah ya ƙara sauƙi, a gaida yaro da yayarsa.